Lambar da Yalwa Ta Zaɓa

Dungas, farkon damina

Aminina Saminu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara, da kuma tumbin nan naka da ma'aikatar ilimi take kiwo a Yamai. Mu nan sai godiya. An yi ruwan shuka, gero ya fara leƙo kai, ƴan kabu-kabu sun fara kuka da taɓo.

Na san za ka yi mini dariya da ka ga har yau takarda nake rubutawa, in ɗauki hotonta in turo maka a salula. Yi abinka. Saƙon murya na masu gaggawa ne, ni kuwa malamin kolej ne, ba inda za ni.

Maganar ƙafar uwargidana Yalwa ce ke tafe da ni. Ka tuna da ka zo bara ka ga tana ɗan ɗingishi, ta ce maka sanyin ƙashi ne, gadon gidansu. To, bai tafi ba. Ciwon yana ƙafar dama, bisa gwiwa kaɗan. Majon likitar garinmu, wato shugaban ɗan asibitinmu, ya ba ta ƙwayoyi, ya ce in ba su yi ba a kai ta Damagaram a ɗauki hoton ƙashin. Muna cikin juya maganar sai ga wani ɗan kasuwar Magariya da kwali a hannu, wai saƙon ɗanmu Nura ne daga Kazablanka.

Na'ura ce. Akwati ne kamar ƙaramin rediyo, da waya, da wani abu mai laushi kamar gammo da ake ɗorawa inda ke ciwo. In an kunna, kuran, wato wutar lantarki, yana zagaya cikin gammon ya haifar da ƙarfin maganaɗisu, amma ba a miƙe ba, bugu-bugu: ya zo, ya ɗauke, ya zo, ya ɗauke. Ba zafi, ba girgiza. Ba abin da mutum zai ji sai ɗan ƙara, ƙit, ƙit, da wata koriyar fitila mai ƙiftawa. Masu sayarwa sun ce bugun yana ratsa nama ya tayar da jiki ya gyara kansa. Abu guda aka bar wa mai gida ya zaɓa: sau nawa za ta buga a sakan ɗaya. Firekans ke nan, Saminu, wadda na yi shekaru ina zanawa a allo yara suna hamma. Yau ga ta ta biyo ni har tsakar gida. Maɓallin yana juyawa daga herz ɗaya zuwa talatin.

Da ka ga yadda Yalwa ta karɓi kwalin. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce a ajiye can, ta ci gaba da tankaɗe. Ka san mutanen Guci, garinsu, da kunyar ɗan fari. Tun da aka kai Nura yaye wajen kakarsa, can ya zauna har ya shiga kolej. Kakar yake kira Inna. Uwar da ta haife shi kuwa Yaya yake ce mata, yadda ya ji kawunansa suna faɗa. Ita ma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai “yaron nan” ko “na Guci”. In ya bugo salula tashi take ta shiga ɗaki. Ni boko ya ɓata ni, gatsau nake kiran sunansa, har surukata ta taɓa cewa a nema mini rubutun sha. Amma da na dawo daga sallar la'asar, sai na tarar an goge akwatin, an ɗora shi bisa jeren kwanoninta, an rufe shi da mayafin da take zuwa biki da shi.

Saura zaɓen lamba. Na shiga salula na karanta har idona ya yi ja, na tarar malaman wannan fanni sun fi malaman ganin wata saɓani. Wannan ya ce ƙananan lambobi na barci ne da kwantar da ciwo, goma ta gudun jini ce, sha biyar ta ƙashi. Wancan ya ce ƙarya ne, a hau sama. Wani likita kuma ya rubuta cewa ba wanda ya tabbatar da ko ɗaya. Wannan na ƙarshe ban ji daɗin salon rubutunsa ba, na wuce shi. Na fara da goma, don ita ce kamar liman mai matsakaicin karatu, ba ta ɓata wa kowa.

Tafiyar Damagaram mun ɗan ɗage ta. Yaro ya aiko da magani tun daga bakin teku, ai a ba shi dama ya nuna kansa.

Ka gaishe da Hajiya, ka ce ta rage maka mai a miya.

Naka har kullum,
Habu


Dungas, tsakiyar damina

Aminina Saminu,

Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya sha faɗa bai ji haushi ba. Ya iyali, ya aiki, ya ruwan Yamai? Namu ya yi yawa har ya ci katangar kolej, gero kuwa ya kai ƙugu. Alhamdu lillahi.

Na ji saƙonka, duk miniti bakwai ɗinsa, da tarin da ka yi a tsakiya. Ka ce in bar wasa da maɓalli in kai matata hoto. Kai da ka faɗi fizik tun muna lise, yau kai ne mai ba ni shawara a kan maganaɗisu! Za a je, ban ce ba za a je ba. Amma hanya ta lalace, ga noma na biyu, ga ita kanta mai ƙafar ta ce ba ta ga abin da za ta je yi Damagaram ba tunda tana samun sauƙi. Bayan girbi sai mu tafi a natse.

Kada ka ɗauka ban san Bahaushe ba. Ko ana haƙa masa kabari ka ce ya jiki, da sauƙi zai ce maka. Don haka ban taɓa yi mata wannan tambayar ba. Dabara na yi irin ta masu bincike. Ina barin lamba guda ta yi mako, in canza, sa'an nan in ce, “Tsakanin ta makon jiya da ta wannan makon, wacce ta fi?” Ka ga a nan ba wurin ɓuya. Daga goma na koma sha biyar, ta ce ta yanzu ta fi. Na hau ashirin da biyar, inda ƙit-ƙit ɗin yake haɗewa ya zama kamar kukan zuma, ta ce ta yanzu ta fi. Na sauko bakwai da ɗigo takwas, wadda wani Bature mai gemu ya rantse ita ce bugun zuciyar duniya, ta ce lalle wannan ta fi duka. Jiya ina tafe makaranta na lissafa: in aka tara duk wannan fifiko, da yanzu Yalwa tana rigan ƴan kabu-kabu isa Magariya. Na yi dariya ni kaɗai. Jiki dai ba lissafi ba ne.

Gaskiya a zaune take sallah yanzu, kuma ta bar zuwa kasuwa. Ta ɗan rame, ta ce damina ce, kowa ma ya rame in ban da ma'aikatan Yamai. Na karanta cewa wani lokaci ciwo yakan motsa kafin ya fita, kamar baƙon da ke ɗaure kaya. Ina zaton can muke.

Maƙwabcinmu Dikko, mai shanun nan da ya taɓa ba ka kindirmo ka kwana biyu kana yabo, ya sassaƙo mata sanda. Ya tsuguna ya saurari na'urar, ya kira ni yadda ƴan makaranta suke kiran malami da Faransanci, ya ce, “Mushe, ai agogo ne aka sayar wa ɗanka, aka hana shi fuskar.” Bai gama ba'a ba kuma ya ce a ara masa ya ɗora wa bajiminsa da ya gurɗe. Na ce Turawa ba su rubuta lambar shanu ba. Sai ga muryar Yalwa daga ɗaki, ta ce ba mai kai mata kayanta garke. Kayanta, ka ji. Matar da ta ce a ajiye can.

Nura yana bugowa duk Lahadi. Tambayarsa ɗaya ce: “Baba, wace lamba ake kai, kuma Yaya ta ce me?” Ni kuma in ɗaga murya in tambayi ƙofar ɗaki, ƙofar ɗaki ta amsa mini, “A ce masa ta yanzu ta fi.” Ina ganin ƙafarta a ƙarƙashin labule, ba ta matsawa sai ya kashe. Da ka ji muryar yaron. Ya ce mini tunda yake bai taɓa yi mata wani abu ta karɓa ba. Ko atamfa ya aiko, ƙanwarsa Hafsat take miƙa wa. Ni ma, ba na ɓoye maka, raina yana yin fari. Shekara talatin ina zaune tsakanin mutum biyu da ba sa kallon juna, yau ga waya ta haɗa su, kuma ni ne mai riƙe da maɓalli.

Mako mai zuwa zan gwada sha biyu. Akwai wata mata a Kanada da ta ce ita ta tashi kakarta.

Allah ya bar zumunci. A shafa mini kan yara.

Abokinka,
Habu


Damagaram, lokacin kaka

Saminu,

Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya da yara, da fatan kuna lafiya. Na ga kiranka ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne, bakina ne ba zai iya ba. Daga barandar asibiti nake rubuto maka, bisa gwiwata, ka yi haƙuri da rubutun.

Ranar Lahadin da ta wuce Nura ya bugo da hoto mai motsi. An kawo damman gero an jibge a tsakar gida, ina nuna masa. Yalwa tana zaune bakin ƙofarta tana ɓarar wake, ba ta yi saurin tashi ba. Ya ce, “Baba, wata nawa ke nan ana ce mini da sauƙi. Ina so in ga tana tafiya.” Da ma na ce masa wata rana. Da ma na juya salular ga gero. Amma malamin da ya yi aiki yana so sufeto ya gani. Na juya ta wajenta, na ce da ƙarfi, wai da kaji nake, “Ga na Guci yana so ya ga aikin na'urarsa.”

Ba ta kalle mu ba. Ta ajiye ƙwaryar, ta dafa bango ta miƙe. Sandar Dikko tana jingine kusa da hannunta, ta bar ta. Ta ce, ita ma wai da kaji take, “Na manta rariya a madafa.” Ta juya mana baya ta kama hanya, a miƙe, ba ɗingishi, kamar amaryar da na ɗauko daga Guci. Nura yana dariya yana cewa ma sha Allah. Ta kai tsakiyar gida. Sai na ji ƙara kamar an taka busasshen kara, ta tafi ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Wanda ya yi ihu yana Kazablanka, kuma ba Yaya ya ce ba. Inna ya ce.

Dangi sun ce a kira maɗori. A nan dai na yi abin kirki guda, na ƙi. Dikko ya samo mota muka kai ta Magariya, daga can aka turo mu nan. Hafsat ta taso daga gidan mijinta ta biyo mu. Da ta shiga canza wa uwarta zani, ta fito ta tsaya a gabana ta ce, “Baba, kumburin nan tun yaushe?” Ban san da kumburi ba, Saminu. Ita take ɗora gammon da kanta a ƙarƙashin zani. Ni ina wajen akwati, idona a kan lamba.

An ɗauki hoton da aka ce mu ɗauka tun kafin shuka, an yi sauran gwaje-gwaje. Likitan ya ɗaga hoton ga haske ya nuna mini. Ƙari ne, mugun nan da ake kira ciwon daji, ya ci ƙashin cinya daga ciki har ya zama kamar azarar da gara ta gama da ita. Na tambaye shi ko na'urar ce ta jawo. Ya ce bai zaci haka ba. Ya ce akwai asibitocin da ke amfani da irinta ga ƙashin da ya ƙi haɗuwa, amma bayan an ga hoto an san abin da ake yi wa magani. Sai na ji bakina yana tambayar sa ko da akwai lambar da ta fi dacewa da na kuskure. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da nake yi wa yaron da ya cika takarda da lissafi mai kyau a kan tambayar da ba a yi masa ba. Ya ce babu.

Na ce, da mun zo farkon damina fa? Ya ce Allah ne masani, ba zai yi mini rantsuwa ba, amma da akwai abin tattaunawa, wataƙila a cire wurin a bar mata ƙafar. Yanzu babu abin tattaunawa. Za su yanke ta daga sama, don a tsere wa ciwon kafin ya haura.

Ni na shiga na faɗa mata. Na shirya jawabi, da misalai, ka san ni. Ta saurara har na gama, ta ce Allah ya sa hakan ne alheri. Sa'an nan ta ce, “Malam, kada a ce masa abinsa bai yi ba.”

Kai ka faɗa mini, da muryarka da tarinka. Majo ya faɗa mini. Har likitan nan mai mugun salon rubutu ya faɗa mini. Ba na neman ka ce ba laifina ba ne. Kowa a nan yana ta faɗar haka, kuma na san amsar gaisuwa in na ji ta. Addu'a nake nema. Ka sa yaran su yi mata, sun fi mu kusa.

Naka,
Habu


Dungas, bayan an gama sussuka

Aminina Saminu,

Sallama da gaisuwa, da godiya mai yawa. Ina fata kuna lafiya, Hajiya ta warke daga murar da ka ce. Sandunan hammata da ka aiko sun iso, Allah ya saka. Mai su ta ce a gaya maka sun fi na asibiti, kuma wannan karon na duba da idona, gaskiya ta faɗa.

Mun dawo gida. An yi aikin, wurin yana warkewa. Za mu riƙa komawa Damagaram ana dubawa, don likita bai ce an gama ba, ya ce dai an samu gaba. Tana koyon zuwa madafa. Ta faɗi sau ɗaya, ta hana a ɗaga ta, ta ce wanda ya tashe ta yau shi zai riƙa tashinta kullum.

Nura ya zo. Ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa daga bayan labule kamar mai amsa wa mai karanta mitar kuran. Ban ce masa komai ba, kamar yadda ta roƙa, amma yaron ba jaki ba ne, ya yi magana da likita. Washegari da hantsi na gan shi ya fito da akwatin a hammata, ya nufi inda Dikko yake ajiye gatari. Ban hana shi ba; da ya ba ni ma, da na taya shi. Sai labule ya yi magana: “Malam, a ce wa baƙon nan ya mayar mini da kayana inda ya gan su.” Ya tsaya, ya ce, “Baba, ka ce mata wannan abin ne ya cuce ta.” Ta ce, “A ce masa ba a aiko shi ya yi mini hisabi ba.” Ni ina tsakiya ina isar da saƙon da kowa ya riga ya ji, aikina na shekara talatin. Ya mayar.

Da ya fita masallaci na shiga na zauna bakin gadonta. Na ce, Yalwa, wata da watanni ina tambayar ki, me ya hana ki ce mini ciwon ƙaruwa yake? Ta ce, “Kai kake tambaya, amma ba kai kake jira ba. Duk abin da na faɗa, Lahadi yana kunnensa.” Ta gyara zaninta inda ƙafar take a da, ta ce, “Ban goya shi a gaban mutane ba, ban kira sunansa ba, ban taɓa ce masa an gode ba. Ya aiko mini da abu da hannunsa. In ce bai yi ba?” Na ce to ai da kin faɗa mini a ɓoye. Ta dube ni, har ta ɗan yi murmushi, ta ce, “Kai? Kai da ko kaza ta yi ƙwai sai ka rubuta wa Saminu?”

Ka ga inda dabarata ta kai ni. Na toshe wa “da sauƙi” ƙofa, na zauna ina yabon kaina, ashe ba amsa ake ba ni ba, saƙo ake ba ni in kai. Na san kunyar ɗan fari tun kafin in san herz. Na yi mata ba'a a gaban surukai, na yi maka ba'arta a takarda. Ban taɓa zaton tana da nauyin da zai karya ƙashi ba.

Likita ya hana a sake ɗora mata gammon, kuma na faɗa mata. Ta ce ita ba a jiki take so ba, a kunna kawai a ajiye bisa kujera. Na jona, hannuna ya tafi kan maɓalli yadda ya saba, na tsaya. Na ce, wace lamba? Ban ce wacce ta fi ba. Ta ce, “Ta can ƙasa. Wadda ka taɓa wucewa ta kanta ka ce ba ta da amfani.” Na juya har ƙarshe, herz ɗaya. Ƙit. Ƙit. Ƙit. Fitilar tana ƙiftawa a hankali. Ta rufe ido, hannunta yana bubbuga katifa tare da ita.

Na san wannan bugun, Saminu. Muna sabon aure a ɗakin haya a Magariya, in na dawo daga makaranta ban yi sallama da ƙarfi ba, nakan tarar da ita ta rungume jaririn tana bubbuga bayansa haka. Da ta ji motsina sai ta ajiye shi ta kama shara.

Nura ya dawo daga masallaci ya zauna a dakalin ƙofarta, bayansa jingine da bango. Bai shiga ba, ba ta kira shi ba. Na'urar tana bugawa a tsakaninsu har aka kira la'asar. Ni na tashi na ba su wuri, abin da ya kamata in koya tuntuni.

Jibi zai taso, ta Yamai zai bi ya hau jirgi. Na ba shi lambarka. Ka sauke shi, ka ciyar da shi, bai ci abin kirki ba tunda ya zo. In kana son labarin jikin uwarsa, ka tambaye ni, zan faɗa maka yadda na gani. Kada ka tambaye shi. Zai ce maka da sauƙi. Ɗanta ne.

Yalwa tana gaida Hajiya. Allah ya sada mu da alheri.

Amininka,
Habu